Wata 18 da ciwon ƙugu: nazarin lamarin wani akawu

Wanda abin ya shafa

Mutumin da za a bi lamarinsa a nan akawu ne a wani kamfanin jigilar kaya, ɗan shekara 41, mai aure da 'ya'ya uku. Aikinsa na zaune ne, awa takwas zuwa tara a rana gaban kwamfuta. Ba ya shan taba, ba shi da ciwon suga ko hawan jini, ba a kuma taɓa yi masa tiyata ba. Sau biyu bayansa ya taɓa riƙewa a shekarun baya, kowanne ya saki cikin mako guda ba tare da ya ga likita ba.

Akwai abubuwa uku da suka riga ciwon zuwa, waɗanda ba su shiga katinsa na asibiti ba sai a wata na goma, domin babu wanda ya tambaya. Wata biyar kafin ciwon, ƙaninsa ya rasu a hatsarin mota, ya bar mata da yara biyu da bashi, nauyin duka ya dawo wuyansa. Wata biyu bayan rasuwar kamfani ya rage ma'aikata, aikin mutum huɗu ya koma hannun mutum biyu, ana kuma raɗe-raɗin akwai wani zagayen a gaba. Na uku shi ne barci. Tun daga rasuwar yakan farka wajen ƙarfe uku na dare, idonsa biyu har gari ya waye.

Mako na 1 zuwa na 6: yadda ciwon ya fara

Wata safiya ya sunkuya zai ɗago katon na tsofaffin fayiloli daga ƙasan kanta, sai ya ji kamar an soka masa wuƙa a ƙugu, ɓangaren dama. Da ƙyar ya miƙe. Washegari a asibiti aka ce ya auna ciwon daga 0 zuwa 10, ya ce 8.

Likitan ya yi abin da ya kamata. Ya gwada ƙarfin ƙafafunsa, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana kwance, ya duba ko akwai wurin da ya mutu ba ya jin taɓawa. Ya tambaye shi ko fitsari ko bayan gida na ƙwace masa ko na ƙin fita, ko yana jin mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, ko akwai zazzaɓi, ko rama babu dalili, ko tarihin ciwon daji. Babu ko ɗaya. Irin wannan ciwon ne ake kira wanda ba a iya jingina shi ga wata takamaimiyar cuta, kuma a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙasan baya wannan ne.

Aka rubuta masa diklofenak, maganin rage zafi da kumburi, na mako guda, aka ce ya huta kwana biyu zuwa uku. Shi kuwa ya kwanta kwana 16. Duk lokacin da ya yunƙura ya ji zafi sai ya ɗauka wurin bai haɗe ba tukuna. Tun 1995 wani gwaji da aka yi kan ma'aikatan birnin Helsinki na ƙasar Finlan ya nuna cewa masu sabon ciwon baya da suka ci gaba da harkokinsu gwargwadon iyawa sun fi waɗanda aka kwantar kwana biyu kacal saurin warwarewa. Wannan bayanin bai iso gare shi ba.

Yawancin masu irin wannan ciwo sukan samu sauƙi sosai cikin mako shida. A mako na shida nasa ya sauka zuwa 5, ya koma ofis yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

Wata na 2 zuwa na 6: hoto, bel da ƙwayoyi

Da ciwon ya haura mako 12, wato iyakar da likitoci ke cewa ya zama daɗaɗɗe, aka tura shi hoton MRI, na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla. Sakamakon ya ce faifan guringuntsi da ke tsakanin ƙashin baya na huɗu da na biyar na ƙugu ya ɗan turo, kuma akwai alamun zaizayewa a faifai biyu. Ya kuma ce babu jijiyar da aka danne, amma wannan layin bai tsaya masa a rai ba. Abin da ya riƙe shi ne maganar wanda ya karanta masa: "Malam, faifanka ya fara lalacewa. Ka kiyayi sunkuyo da ɗaukar kaya."

A daren da ƙarfe uku, lokacin farkawarsa, ya shiga intanet da wannan kalma ta lalacewa. Kafin asuba ya riga ya ga kansa a keken guragu, ya lissafa yara biyar da babu mai ɗaukar nauyinsu.

Daga nan rayuwarsa ta soma tsukewa. Ya sayi bel na ɗaure ƙugu, ba ya cire shi sai zai kwanta. Ya daina ɗaukar autarsa mai shekara uku. Ya koma sa takalmin da ba sai an sunkuya an ɗaure ba. Ya bar tattakin yamma da ya saba. An yi masa gashi da jan baya da na'ura har zama 12, kowane zama yakan ba shi sauƙin awa uku ko huɗu sannan ciwon ya dawo inda yake. Diklofenak ɗin da aka rubuta na mako guda ya ci gaba da saye da kansa har cikinsa ya fara zafi, aka tsayar da shi don gudun gyambon ciki. A wata na huɗu aka sa shi kan tiramadol. Makonnin farko ya ji daɗinsa, daga baya sai jiri da taurin bayan gida, ciwon kuma ya koma 7.

A waɗannan watanni biyar ya yi fashin aiki na kwana 23. Kowane fashi, a ofishin da ake rage ma'aikata, wani sabon abin fargaba ne.

Wata na 7 zuwa na 9: maganar da ya kasa haɗiyewa

A wata na bakwai ciwon ya tsananta, ya koma 8, ya kuma bazu zuwa ɓangaren hagu da tsakiyar baya. Babu wani abu da ya ɗaga, bai kuma faɗi ba. Watan ne ƙaninsa ya cika shekara da rasuwa, sai dai a lokacin ko shi bai haɗa biyun ba.

An yi masa allura a gadon baya, ta yi aikin mako biyu. Sai aka tura shi wajen likitan tiyata. Likitan ya duba hoton, ya gwada ƙafafun, cikin minti goma ya ce babu abin yankawa. Ya ƙara da cewa: "Ni ban ga komai ba. Damuwa ce ke damunka, ka je ka kwantar da hankalinka." Ya rubuta masa takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa.

Abin da majinyacin ya ji daban. Ya ji an ce ƙarya yake yi, ko kuma ya fara taɓuwa. Ya ninke takardar ya jefa a aljihun mota. Da matarsa ta ce, "Baban yara, ko za ka gwada zuwa ɗin?", sai ya ce ashe ita ma ta shiga sahun masu ganin shi yake ƙirƙira. Kwana biyu ba su yi magana ba. Wata uku bai sake taka wani asibiti ba, sai dai ya sabunta tiramadol.

Wata na 10: zaman da ya ɗauki awa guda

Wani abokin aiki ne ya matsa masa ya ga wata likitar fisiyo, wato mai magani ta hanyar motsa jiki, da ta ƙware kan daɗaɗɗen ciwo. Ta fara da sake tantance alamun haɗari tun daga tushe, ta kuma sa likitansa ya yi gwajin jini na kumburi. Komai lafiya. Sannan ta ce masa kai tsaye ta yarda ciwonsa na gaske ne, ba shi ake muhawara a kai ba, abin nema shi ne me ya hana shi tafiya.

Ta yar da biro a ƙasa ta ce ya ɗauko. Ya ɗauke numfashi, ya dafa gwiwa da hannu ɗaya, ya sandare bayansa kamar katako, ya sauka a hankali yana cije leɓe. Ya ce zafin 8. Ta sa shi ya kwanta rigingine ya rungumo gwiwoyinsa zuwa ƙirji suna hira. Ya ce wannan ba ya masa zafi, har daɗi yake ji. Ta nuna masa cewa a kwancen nan bayansa ya lanƙwasa fiye da yadda ya lanƙwasa wajen ɗauko biron. Ya yi shiru na ɗan lokaci.

Sai ta tambaya: "Malam, idan ka sunkuya, me kake tsoron zai faru?" Ya ce faifan zai fashe ya shanye. "In ka shanye fa?" Nan ne maganar ƙaninsa da bashin da yaran ta fito, karo na farko a gaban wani ma'aikacin lafiya.

Ma'aunan ranar: ciwo 7 cikin 10, takardar Roland-Morris mai auna yadda ciwon baya ke hana harkokin yau da kullum, 17 cikin 24, takardar PHQ-9 mai auna alamun ciwon damuwa, 16 cikin 27, wato matakin da ya haura matsakaici, barci kimanin awa huɗu, tafiyar ƙasa minti 10 kafin ya nemi wurin zama.

Ta ba shi aikin mako biyu: kullum ya rubuta lambar ciwon safe da yamma, da abin da ya faru a ranar. Da ya dawo da littafin, lambobi mafi girma sun faɗo ne a daren Lahadi, da kwanakin rufe lissafin wata, da wata rana da mai bin bashi ya kira sau uku. Mafi ƙanƙanta, 3, ta faɗo ranar da ya kai yara wurin wasa, ya yini a tsaye ya manta da kansa. Ranar da bayansa ya fi aiki ita ce ranar da ya fi samun sauƙi.

Bayanin da aka yi masa

Ta ɗauki rabin zama na biyu tana warware masa abubuwa biyu.

Na farko hoton. A 1994 an yi wa mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan hoton MRI a Amurka, aka samu kashi 52 cikin 100 suna da faifan da ya turo, kashi 36 ne kawai faifansu duka ya fito yadda littafi ya zana. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutane sama da 3,000 marasa ciwo ya samu zaizayewar faifai a kashi 37 na 'yan shekara 20 da kashi 96 na 'yan shekara 80, kuma a 'yan shekara 40, sa'o'insa, kusan biyu cikin uku. Ta ce masa abin da hotonsa ya nuna ɗan'uwan furfura ne, sai dai ta ciki.

Na biyu shi ne yadda zafi ke samuwa. Jijiyoyin baya saƙo kawai suke aikawa, laka da ƙwaƙwalwa ne ke yanke ko saƙon ya zama zafi, da kuma ƙarfinsa. Masanan kimiyya Ronald Melzack da Patrick Wall ne suka fara fito da wannan a 1965, da suka ce akwai wata irin ƙofa a laka da ke iya buɗewa ko tsukewa, kuma saƙon da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa na cikin masu juya ta. Hanyoyin da ke saukowa su rage zafi suna aiki da sinadaran serotonin da noradrenaline, waɗanda su ne kuma ke da hannu a yanayin zuciya. Rashin barci na rage juriyar jiki ga zafi. Tsoro na sa tsokokin ƙugu su ɗaure yini guda, tsokar da ba ta hutawa kuwa ita ma ciwo take. Ta kwatanta masa da ƙararrawar mota: ranar katon ɗin ɓarawo ne ya taɓa motar, ƙararrawa ta yi daidai da ta yi kuka. Yanzu ɓarawo ya daɗe da tafiya, amma an saita ta yadda ko iska ta kaɗa sai ta ɗauka. Kukan na gaske ne, kowa na jin sa.

Wannan ba kwatance ba ne kawai. Ayarin masanin ƙwaƙwalwa Vania Apkarian a Jami'ar Northwestern ta Shikago sun bi masu sabon ciwon baya tsawon shekara suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. A rahotanninsu na 2012 da 2013, ƙarfin haɗin da ke tsakanin wasu sassa biyu masu kula da motsin rai ya yi hasashen wanda ciwonsa zai daɗe, kuma a waɗanda ya daɗe ɗin, aikin ƙwaƙwalwa ya ƙaura daga sassan jin zafi zuwa sassan motsin rai.

Wata na 10 zuwa na 14: abin da aka yi

An fara da tafiya, minti 8 sau biyu a rana, da sharaɗin agogo ne zai tsayar da shi, ba ciwo ba, kuma ko ya ji daɗi kada ya wuce. Ana ƙara minti biyu duk mako. A mako na uku ya ji ƙarfi ya yi minti 45, ya kwana biyu yana jin jiki, ya kira yana cewa ya ɓata komai. Aka mayar da shi minti 10 aka ci gaba.

Sunkuyo aka koya masa kamar sabon abu: yana zaune ya saki numfashi ya zube hannuwa zuwa ƙasa, sannan a tsaye, sannan da kilo 2, kilo 5, har kilo 15 a wata na 14. Bel ɗin aka riƙa cirewa awa biyu a rana, ya rabu da shi cikin mako biyar. Likitansa ya rage tiramadol a hankali cikin mako shida, domin yanke shi lokaci ɗaya na da nasa wahalar.

Ba duk abin da aka gwada ya karɓe shi ba. An ba shi duloxetine, maganin damuwa da ake amfani da shi kan daɗaɗɗen ciwo, tashin zuciya ya sa aka janye shi bayan kwana goma. Wani sauti na koyon natsuwa da aka sa masa a waya, sau uku ya saurara ya ce ƙara masa tunani yake yi.

Zuwa wajen masaniyar halayyar ɗan'adam shi ne ya fi wuya. Sau biyu ya ƙi. Ya yarda ne da aka ce kan barci za a fara, kuma da gaske a kansa aka fara: tsayayyen lokacin tashi, waya ta kwana a wani ɗaki, in ya farka ya wuce minti 20 ya tashi ya zauna maimakon juye-juye. An yi zama takwas na maganin gyaran tunani da ɗabi'a. A zama na uku ya faɗi cewa wayar ƙaninsa na cikin durowarsa a kashe, bai taɓa kunna ta ba, kuma shi ne ya aike shi tafiyar da ya yi hatsarin. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har matarsa. Ya yi kukan da bai yi ba ranar rasuwar, don a ranar shi ne mai tsayawa kan komai.

A zama na biyar an yi abin da ya fi kama da sana'arsa: ya rubuta bashin duka a takarda ɗaya. Akawu ne, amma wata 16 bai taɓa haɗa jimillar ba saboda tsoron ganin ta. Ta fito ƙasa da abin da yake ƙiyastawa da dare. Ya zauna da masu bi biyu aka tsara biya kaɗan-kaɗan.

A ƙarshen wata na 14: ciwo 3, Roland-Morris 7, PHQ-9 8, barci awa shida, tafiya minti 35.

Wata na 15 zuwa na 18: koma-baya da inda aka tsaya

A wata na 15 aka sanar da zagaye na biyu na rage ma'aikata. Cikin kwana biyu ciwon ya hau 7. Wannan karon bai kwanta ba, bai nemi bel ba. Ya rage tafiya zuwa minti 15, ya sha ibuprofen kwana huɗu da sanin likitansa, ya ci gaba da zuwa aiki. A kwana na tara ya sauka zuwa 3, tun kafin a fitar da sunaye. Sunansa bai fito ba.

A wata na 18 ciwon 2 ne yawancin kwanaki, yakan kai 4 a ƙarshen wata ko bayan doguwar tafiyar mota. Roland-Morris 4, PHQ-9 6, barci awa shida da rabi. Ba ya shan magani kullum. Fashin aiki a wata huɗun ƙarshe kwana ɗaya. Yana ɗaukar autarsa, wadda yanzu ta fi katon ɗin farko nauyi. Ba a sake hoton ba, don babu shawarar da zai canja.

Hukunci

Katon ne ya fara ciwon, a wannan babu jayayya. Amma rauni irin wannan ba ya bayyana ciwon wata goma da ke yaɗuwa babu sabon rauni, yana hawa daren Lahadi, yana sauka ranar da aka fi motsi. A ganina baƙin ciki da rashin barci da fargabar aiki sun tarar da ciwon sun riƙe shi, kalmar lalacewa ta ƙara tsoro, tsoro ya hana motsi, ciwon kuma ya juyo yana ciyar da damuwar da ke ciyar da shi. Wata tara an bar jaki ana dukan taiki.

Abubuwan da suka gaza ba abin mamaki ba ne. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamba 2023 ta ce kada a riƙa amfani da bel, da jan baya, da magunguna dangin tiramadol a irin wannan ciwo, ta kuma goyi bayan ilimantarwa da motsa jiki da maganin gyaran tunani. Waɗanda suka yi aiki ma suna da madogara. A wani gwaji na 2016 kan mutum 342 a Amurka, kusan kashi 58 na waɗanda aka yi wa maganin gyaran tunani sun samu ingantuwar harkoki mai ma'ana bayan mako 26, a kan kashi 44 na masu kulawar da aka saba. Tazarar ta gaske ce, amma ba mu'ujiza ba ce: huɗu cikin goma ba su kai wannan matakin ba. Gwajin RESTORE na Ostireliya a 2023, kan mutum 492, ya gwada tsari mai kama da wanda likitar fisiyon ta bi, ribarsa kuma ta ɗore har shekara.

Lamari ɗaya ba ya isa a ce ga abu guda da ya warkar, domin tafiya da barci da barin tiramadol da kukan da tsarin bashi duk a wata huɗu ɗaya suka faru. Ba kuma hujja ba ne ga mai zazzaɓi ko rama ko raunin ƙafa ko matsalar fitsari ya ce damuwa ce: tarin fuka na ƙashin baya da ciwon daji da danne jijiyoyin ƙasan laka duk da ciwon ƙugu suke sallama, na ƙarshen ma na gaggawa ne. Sau biyu aka tantance waɗannan kafin a taɓa maganar zuciya.

Likitan tiyata ya yi daidai da ya ƙi yanka, ya kuma hango damuwar kafin kowa. Kuskurensa a kalma ɗaya ne, da ya ce bai ga komai ba, ga mutumin da ke jin 8 cikin 10. Wannan ya ci wata uku. Amma asarar da ta fi girma ta riga wannan. Akwai takarda mai tambaya tara, STarT Back, da Jami'ar Keele ta Ingila ta tsara don gano tun da wuri wanda ciwonsa ke iya daɗewa, kuma fiye da rabin tambayoyinta kan tsoro da fargaba da ƙuncin rai ne. Cike ta ba ya wuce 'yan mintuna. A mako na shida, lokacin da ya koma ofis da ciwo 5 da barcin awa huɗu, ba a ba shi ita ba.